Madarar Inna a Jos

Da asuba muka bar wata ruga a bayan Saminaka, ni da ƙanwata mai karatun likitan dabbobi, ɗauke da kwalabe shida na madara a cikin kula mai ƙanƙara. Kowace kwalba ta naɗe ta da baƙar leda, wai haske da zafi suna lalata abin da za mu je nema. Ƙorafin Inna, matar mai garken, shi ya tashe mu: ta zuba tsohon nono a madararta, ta kwana, amma ta ƙi kamawa. Da aka bi diddigi, ashe an yi wa wasu shanun allurar da makiyaya ke kira El-E, wato oksitetirasaikilin mai daɗewa a jiki, dangin kafson nan ja da rawaya, aka zargi maganin ya sauka cikin madarar.

Mota na fara hawan duwatsun Filato sanyi ya shigo, ƙanwata kuma ta buɗe aji. "Yaya, maganin nan a ƙirarsa zobe huɗu ne a jere, kuma bai da aboki kamar kalsiyam." Shi ya sa yake maƙalewa a ƙashi da haƙori, har ya rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Madara kuwa gidan kalsiyam ce.

A ɗakin gwaji a Jos an ɗiga madarar a 'yan bututu masu launin shunayya, masu ɗauke da wata ƙwayar bakteriya, aka ajiye a zafin digiri 64 kusan awa uku. In ƙwayar ta rayu, launin ya koma rawaya; in akwai magani, ya tsaya yadda yake. Biyu suka tsaya. Sai dai wannan gwaji ba ya faɗin sunan maganin. Dole aka sa sinadarin EDTA ya ƙwace kalsiyam ɗin, maganin ya saku, sannan na'ura ta ware shi ta auna. Iyakar da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta amince da ita maikirogiram 100 ce a lita. Duka biyun sun haura, alhali a ido fari tas suke.

Washegari muka koma da bayani: a daina tatsar waɗannan shanun don sha ko sayarwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar allurar sun cika. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyara zaman ƙwaryarta, ta ce, "To 'yata, madarar da zan zubar, wa zai biya ni?"