Kwana Ɗaya A Tsibirin Tarkwa Bay

'Yan uwana masu karatu, musamman 'yan mata da ɗalibai da kuke ta aiko da saƙo kuna tambayar ina kashi na biyu na littafina ya maƙale. To yau zan faɗa muku gaskiya, teku ce ta cinye min babi uku, kuma ga yadda aka yi.

Ni dai 'yar Batagarawa ce, nan aka haife ni nan na tashi. Babban ruwan da na taɓa gani shi ne dam ɗin Ajiwa da ke cikin ƙaramar hukumarmu, wanda yake shayar da birnin Katsina. Ranar da aka kai mu ziyara daga makaranta har rantsuwa na yi wa ƙawata cewa duk duniya babu ruwan da ya kai wannan. Ashe ban ga komai ba.

A ƙarshen watan Disamba na 2023 na je Legas wajen Yayata da ke aure a Obalende, ƙanena ya raka ni. Mijinta kuwa abokin wasana ne, ba ya kirana da komai sai 'yar ƙauye. Ran nan muna cin abincin dare sai ya ce, "Gobe zan kai 'yar ƙauye ta kwana a tsakiyar teku, mu ga ko bakin nan nata zai mutu." Na ɗauka wasa yake, ashe har ya karɓo hayar tanti biyu. Da muka buga waya gida, Inna cewa ta yi sam ba da ita ba, Baba ne ya ce mu je tunda da ƙanena da Yaya, amma ya ja kunnenmu ya ce, "Ku bi a hankali, ruwa ba shi da aboki."

Tarkwa Bay wuri ne a bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas, mota ba ta zuwa, babur ba ya zuwa, sai dai jirgi. Mun hau wani ƙaramin jirgi mai inji daga tashar da ke Marina, aka ba kowa rigar nan mai hana nutsewa, wai doka ce, ba mai hawa sai da ita. Ni da na saka hijabi har ƙasa sai na ɗora rigar a kai, na koma kamar buhun gero. Tafiyar ba ta fi minti 20 ba, amma wallahi na ga kamar wuni guda. Jirgin ya ɗaga hanci sama yana dukan ruwa fam! fam! ni kuwa na ƙanƙame Yaya, duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Muna cikin haka wani ƙaton jirgin kaya ya gifta zai shiga Apapa, tsayinsa ya fi benen da duk na taɓa gani a Katsina, igiyar ruwan da ya tayar ta girgiza mu har yaran Yaya suka fasa kuka.

Da muka sauka kuwa sai na manta da tsoro. Yashi ne shimfiɗe mai laushi, ga bishiyoyin kwakwa, ga rumfuna na haya, ga ruwa iya ganinki har ya haɗe da sama. Wannan ita ce Tekun Atlantika. Abin da ya sa ruwan wajen yake da ɗan sauƙi, wasu dogayen katangu ne na manyan duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka fara jerawa cikin teku a 1908 don kada yashi ya toshe hanyar jirage, su ne suke karya ƙarfin igiyar kafin ta iso. In kika tsaya kika dubi ƙetare za ki hango dogayen benayen Eko Atlantic, waɗanda aka gina a inda Bar Beach take a da. Ta baya kuma akwai wata tsohuwar hasumiya mai fitila da ake yi wa jirage alama da ita, amma ruwan wancan ɓangaren mahaukaci ne, an hana mu ko tsoma ƙafa. Na ga yaran garin, wasu ba su fi shekara goma ba, suna tsayawa a kan wani dogon allo suna hawa igiyar ruwa kamar masu sukuwar sallah.

Na ɗebi ruwan na kai baki don in ji, ba shiri na tofar. Gishiri ne zalla, don kowace lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, in kika sha ƙishirwa ce za ta ƙaru. Shi ya sa muka taho da jarka guda ta ruwan sha, da kula cike da shinkafa, da dambun naman da Inna ta ba ni tsaraba. Alwala dai ta halatta da ruwan teku, da shi muka yi sallolinmu.

Da rana ta faɗi sai baƙi suka yi ta tururuwar komawa, don ƙananan jirage ba sa tafiyar dare. Ina kallo jirgin ƙarshe ya tashi, gabana ya faɗi ras, na san yanzu ko me ya faru muna nan sai safe. Bayan isha'i, wajen ƙarfe 9, mijin Yaya da ƙanena suka tashi kafa tanti. A lokacin ruwan ya ja baya sosai, ya bar wani fili mai santsi kamar daɓen siminti, ga farin wata tar, daren sha huɗu. Mijin Yaya ya ce nan za mu kafa, babu sauro, kuma iska ta fi kaɗawa.

Suna cikin buga turaku sai ga wata dattijuwa da muka sayi soyayyen kifi a wajenta da rana. Ta tsaya ta riƙe ƙugu tana magana da Turancin buroka, tana nuna wani layi na ciyayi da robobi can sama da mu. Yaya ta fassara min, wai cewa take nan ne iyakar ruwa, duk abin da ke ƙasa da layin nan na teku ne, za ta dawo ta karɓi kayanta kafin asuba. Mijin Yaya ya yi dariya ya ce, "Mama, shekarata goma sha biyu a Legas, kada ki damu." Ni ma, Allah Ya yafe min, har da ni a dariyar. Ta girgiza kai ta tafi.

Na daɗe ban yi barci ba, na kunna tocila ina rubutu, ƙananan ƙaguwa suna ta kai da kawo a bakin tanti. Ban taɓa jin daɗin rubutu irin na daren nan ba, babi uku na gama, na ajiye littafin a gefen kaina na kwanta.

Wajen ƙarfe 3 na dare na ji sanyi a bayana, na ɗauka ƙaramar 'yar Yaya ce ta yi fitsari. Kafin in gama miƙewa sai wani ruwa ya bugo tantin gaba ɗaya ya kwanto mana a ka. Innalillahi! Yaya tana ihu tana laluben yara cikin duhu, ni na cafko ƙafar yarinyar, ita ce ke kwance a bakin ƙofa, tabarmar da take kai har ta fara tafiya. Ƙanena ya yage tantin ya jawo mu. Muna fita muka ga fitila tana nufo mu da gudu, ashe dattijuwar nan ce da samari biyu, ba ta kwanta ba, wai tun ƙarfe 2 take zaune tana gadinmu. Su suka kwashe mu zuwa tudu. Jarkar ruwanmu ta tafi, takalman Yaya sun tafi, littafina kuwa an tsamo shi amma tawada ta narke, ba a gane ko kalma ɗaya.

A rumfarta muka ƙarasa kwana. Ta hura wuta, ta rufa wa yaran zannuwanta, ta ba mu ruwan shanta wanda ita ma saye take. Nan ƙanena ya tuna abin da aka koya musu a makaranta, cewa teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya saboda jan da wata yake mata, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma cikar ta fi ƙarfi in wata ya cika ko yana sabo. Na ce masa ai ka makaro, malam.

Da gari ya fara wayewa na tambayi Mama ina gidanta. Ta nuna wani fili da baki ta ce a can yake a da. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna tsibirin, hukuma ta ce saboda masu fasa bututun mai ne, aka rushe gidaje da dama. Ta ce ta yi zaman 'yan uwa a cikin gari ta kasa, ta dawo, don nan ta sani. Kunya ta kama ni, mu mun biya kuɗi mun zo kwanan tanti don nishaɗi, ga wadda muka yi wa dariya, rumfa ce ɗakinta. Mijin Yaya ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Mama, ki yafe min." Ya miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, sai sauran dambun naman Inna ta karɓa, ta ce wannan kam ba ta taɓa ci ba.

To 'yar uwa, in Allah Ya kai ki irin wannan wuri, ki je da yardar iyaye da rakiyar naki, kada ki cire rigar kariya a jirgi, ki ɗauki ruwan sha fiye da yadda kike zato, ki kafa tanti sama da layin ciyayin nan, takardunki kuma ki ƙulle su a leda. Uwa uba, in mutanen wurin suka yi magana ki saurara, Hausawa sun ce in ba ka san gari ba saurari daka.

Babi ukun nan ina nan ina sake rubuta su a tsakar gidanmu a Batagarawa, ku ƙara haƙuri. Mijin Yaya kuwa tun daga ranar bai sake ce min 'yar ƙauye ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku a kullum.