Sarewar Baba

'Yar'uwa, ni dai a Gyaɗi-Gyaɗi na tashi, gidan mabusa. Babanmu sarewa yake busawa tare da masu kalangu in ana biki. A bayan ƙyaure na koya a ɓoye, har na gane sirrinta: in kin cika iska sai ki danne abokan kiɗa, daɗin ya gudu.

Da aka kawo ni Tarauni sai na tura ta ƙasan akwati, tunda an ce mace shantu ne nata. Rannan maƙwabta suka taru gidana suna shantu, na ɗauko ta, hannuna har rawa yake. Ashe Maigida na zaure yana ji! Wallahi har yau bai ce mini uffan ba. Ni kuwa ban mayar da ita akwati ba.