Daga Maraɗi zuwa Yamai, tare da wata Hajiya

Ba a kira assalatu ba tukuna sa'ad da motarmu ta bar tashar Maraɗi. Tsakaninmu da Yamai akwai kilomita fiye da 650, yini guda cur a kan kujera. Kusa da ni wani Alhaji ne, ɗan kasuwa, a gefensa kuma maiɗakinsa, ta riƙe damtsenta na hagu kamar mai tallabe jariri. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta cije leɓe.

Sai da muka wuce Madawa, gonakin albasar Galmi suka fara bayyana, sannan Alhaji ya buɗe baki.

"Mushe, wata takwas ke nan. Da fari ɗan ƙullutu ne kamar gujiya, ba ya ciwo. Aka ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura."

Wannan magana na sha jin ta tun ina yaro, kuma ta kai mata da yawa kushewa. Sun yi rubutu, sun yi turare, sun shafa saiwa. Da fatar nonon ta koma kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, kaluluwa ta fito a hamata, sannan aka tafi likita, lokotoro ya rubuta takardar Yamai.

Abin da ke yaudarar mutane ga sankarar nono shi ne rashin ciwonta a farko. Mafi yawan ƙullutun da mace ke ji ba sankara ba ne, amma hannu kaɗai ba ya rarrabewa, sai an yi hoto, an ɗebi ɗan nama an auna. Alhajin nan ba ya sayen buhun gero sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar. Na so in faɗa masa haka, na dubi fuskarsa, na yi shiru.

A Birnin Ƙwanni aka tsaya cin abinci. Hajiya ba ta sauka ba. Wata ungozoma ma'aikaciyar gwamnati da ke bayanmu ta kawo mata ruwa, daga nan hira ta koma kan ɗaya sankarar, ta bakin mahaifa. Ita wannan wata ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, HPV, wadda ake ɗauka ta wurin kwanciyar aure, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Auren wuri, haihuwa da yawa da ciwon sida suna ƙara haɗarin. Biyun farko kuwa ba baƙi ba ne a ƙasar Katsina da Gobir. Ungozomar ta ce awon ba ya cin minti goma: a shafa ruwan binegar, irin na salati, a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙone shi tun bai yi saiwa ba. Jini bayan kwanciya, ko bayan mace ta daina al'ada, bai kamata a kwana da shi ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a auna mace aƙalla sau biyu, a shekara 35 da 45. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fara yi wa ƴan mata allurar rigakafin ƙwayar a 2023.

Bayan Dogon Dutsi Alhaji ya shiga lissafi da yatsu. A 2007 gwamnati ta yi dokar maganin sankarar mata kyauta, a 2021 kuma aka buɗe sashen gashi da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, aikin da a da sai an fita waje. To amma doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan masauki, ba ta tsare rumfa a kasuwa makonnin da mai ita ke jinya. Ya ce ya riga ya sayar da bijimi guda.

Mun wuce Dosso da la'asar. A wajen Kure yaran mota suna leƙen raƙuman dawa, Hajiya kuwa barci ya ɗauke ta a karon farko. Da muka sauka Yamai, ungozomar ce ta tare musu taksi, ta faɗa wa direba inda zai kai su. Alhaji ya ɗora tabarma da buta a bayan mota, ya laluba aljihun gaba ya tabbata takardar lokotoro na nan.