Daga Kano Zuwa Maraɗi da Gwaggo

Bikin 'yar'uwa ne ya ɗauke mu daga Kano zuwa Maraɗi, ni da gwaggona. Likita ya ce mata ta rage ƙiba saboda hawan jini da ciwon gwiwa, ita kuwa ta ɗauka horon yunwa ake nufi. Ta daina karin kumallo, da rana shayi da burodi, da daddare kuma yunwa ta ci ƙarfinta ta zauna wa tuwo sai ta ga bayansa.

Da hantsi muka ratsa Dawanau, 'yan dako na ta lodin buhunan wake da waken suya a manyan motoci. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki, na waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku.

A Kankiya direba ya tsaya shan mai, 'yan talla suka yanyame motar da awara da dafaffen ƙwai. Gwaggo ta kau da kai. Wata ma'aikaciyar jinya da ke gefenta, wadda tun Bichi suke hira, ta ce, "Hajiya, daure ki ci ƙwai biyu. Horon yunwa ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake zaftarewa." Ta ce baligi na bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, mai kilo 70 ke nan giram 56, kuma ƙwai ɗaya na da wajen giram 6. Furotin ya fi tuwo da burodi riƙe ciki, shi ya sa wanda ya karya da shi bai cika ciye-ciye ba. Gwaggo ta ci, ba ta ƙara zancen yunwa ba har muka wuce Katsina da Jibiya, muka tsallaka iyaka ta Magama zuwa Ɗan Isa.

Da la'asar muka shiga Maraɗi. Washegari na tsaya wurin wani mai kilishi ina kallon aikinsa. Tsoka zalla yake fiɗa siririya har kana hango haske ta cikinta, ya shanya a rana, ya tsoma a kwaɓin tunkuza da yaji, ya sake shanyawa, sannan ya nuna mata wuta. Kusa da shi mata ne da kwanukan soyayyiyar fara.

A gidan biki aka kawo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sai shinkafa da wake. Wannan haɗi na iyayenmu akwai hikima a cikinsa, domin furotin ɗin hatsi na da giɓi wanda wake ke cikewa, kamar yadda nono ke cike na gero a fura. Abin kiyayewa shi ne mai da sukari: ƙosai da awara suna shan mai, alala da dafaffen wake sun fi dacewa da mai son rage teba. Mai ciwon ƙoda kuwa sai ya tuntuɓi likita kafin ya ƙara cin furotin.

Mai karatu, idan rage ƙiba kake so, kada ka azabtar da kanka da yunwa. Rage malmalar tuwo, ƙara wake da ganye da kifi, ka kuma riƙa motsa jiki kullum.