Riƙe Ma'aikaci da Tsare Shi

Hausa tana bambanta "riƙe" da "tsare". Wanda aka riƙe an ɗauki nauyinsa ne, shi ya sa muke cewa ɗan riƙo. Wanda aka tsare kuwa tafiya aka hana shi. Masu horar da shugabannin ma'aikata a Nijar da Faransanci suke darasi, kuma a ganina ba su cika lura da wannan bambanci ba idan suna batun hana ƙwararru barin aiki. Ni a Arlit na gane shi.

Garin nan babu shi kafin yuraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, COMINAK a 1974, aka gina Arlit da Akokan cikin hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Ba mai barin Maraɗi ko Damagaram ya tare can don sha'awar rairayi, saboda haka kamfanonin suka gina gidaje da asibitoci, suka ja ruwa da lantarki. Dabara ce mai kyau, ta kuma zaunar da mutane shekaru da dama, amma ta fi kusa da tsarewa.

Kawuna ya yi karatu a makarantar EMAIR ta Agadas, ya shugabanci ayarin ma'aikata a ramin Akuta. An sha tura shi horon shugabanci, takardun shaidar suna nan jere a bangon ɗakinsa. To amma a zurfin mita 250 ƙarƙashin ƙasa, Faransanci na rahoto ne kawai. Da Hausa ake gargaɗi, da Tamajak ake lallashi. Yakan ce wa dattijon lebura "ku", ko da shi ne a sama da shi. Ba ya raba aiki sai ya tambayi mutum iyali. Tsawa kuwa a keɓe yake yin ta, ban da gaban ƴan'uwa. Mu masu nazarin harshe ladabin zance muke kiran wannan, kuma ya cancanci a naɗe shi daga bakin tsofaffin ma'aikata tun suna raye.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, jama'a suka watse. Wasu daga ayarin kawu sun koma haƙar zinariya, wasu Yamai. Har yanzu idan ɗayansu ya sami tayin aiki, sai ya kira shi ya ce, "Shef, me kuka gani?" kafin ya sa hannu.