Kundina da Gafakar Kakana

A shekarar 1998 na kammala kundin digirina na biyu a kan karin maganar fatake, a wata jami'a ta kudancin ƙasar nan. Wani mai buga takardu a bakin ƙofar makaranta ya buga mini shi da kwamfuta, ya zuba a faifan filofi guda uku. Na naɗe su a leda na jefa ƙasan akwati, zuciyata wasai, ina ganin na yi maganin gara da gobara.

Bayan shekara ashirin da 'yan kai, ɗakin karatun jami'ar ya buɗe rumbun ajiya na intanet, aka nemi tsofaffin ɗalibai su kawo kundayensu. Kwafin takardar da na bari a sashe tuni ya lalace a wata damina da rufi ya yi yoyo. Na ɗauko faya-fayaina, na shafe mako biyu ina neman na'urar da za ta karɓe su. Biyu laimar kudu ta sa sun yi funfuna. Na ukun ya buɗe, amma fa ya kai mai karatu, sai na ga "ƙasa" ta koma "}asa", "ɗan" ya koma "]an". Ashe mai bugun ya yi amfani da wani zubin haruffa na musamman, kamar yadda aka saba kafin tsarin Unicode ya yaɗu, kuma lanƙwasassun baƙaƙen sun zauna can cikin kwamfutarsa. Wannan mai sauƙi ne, na gyara. Babi na huɗu kuwa, inda hirarrakina da tsofaffin fatake suke, yana cikin faifan da ya ruɓe, kuma dattawan nan duk sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne gafakar kakana. Takardun ajamin da ya rubuta da alƙalamin kara da tawadar ƙaro suna nan, duk mai ido da sanin baƙi zai karanta.

Ba ni kaɗai ba ne. A 1986 gidan BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya a faifan leza, don cikar littafin Domesday na 1086 shekara 900. Kafin 2002 na'urorin karanta faifan sun yi wuya, sai da masana a jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙirƙiri manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar. Littafin fatar kuwa yana nan a Kew, ana karanta shi.

Ma'aikaciyar rumbun, wata mai haƙuri, ta nuna mini yadda suke aiki da DSpace, manhajar da MIT da kamfanin HP suka fitar a 2002. Kowane fayil ana lissafa masa lambar shaida, a riƙa dubawa ko ya sauya. A mai da shi PDF/A. A ajiye kwafi a wurare daban-daban. Na yaba ƙwarai. Sai dai na lura abin kiwo ne, kullum yana son wutar lantarki da albashi da mai lura, kuma ita kaɗai ce a ofishin ta san kansa, ga ritayarta ta ƙarato.

Na ba ta abin da ya tsira na kundin. Da na fito na biya shagon buga takardu, na fitar da kwafi biyu, ɗaya na aika gida aka sa a gafakar Kaka.