Nauyin da Ke Wuyan Mai Duba Faci

Akwai wani mutum wanda ba a cika jin sunansa ba in ana zancen Linux, watau manhajar nan da Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Wannan mutum shi ne mai duba faci. Masu wannan sana'a suna kiran kowane gyara da aka kawo wa cibiyar manhajar da sunan faci, kamar dai na riga ko na tayar keke. Kafin a ɗinka shi, sai wani ya zauna ya bi shi layi-layi, in ya gamsu ya sa sunansa a ƙasa, shaidar cewa ya duba. Daga ranar nan kuwa ya shiga cikin masu ɗaukar alhakin abin, domin sunan nasa yana nan cikin tarihin aikin har abada.

Malamin da ya taɓa zama da kundin ɗalibi mai shafi ɗari uku ya san yadda ido kan gaji. Shafukan farko a duba su da natsuwa, na tsakiya kuwa sai dai a haura. To, kuskuren kundi kan tsaya a kanta ne, amma na cibiyar Linux yakan bi wayoyin Android da manyan kwamfutocin duniya. Saboda haka ne aka kafa ƙa'ida cewa kowane faci abu ɗaya zai yi, da bayanin dalilinsa a kansa, domin taura biyu ba ta taunuwa. In aikin babba ne, sai a yanka shi jeri, a sa wasiƙar gabatarwa a gaba. Har ila yau, dole manhajar ta ci gaba da aiki bayan kowane faci guda, ba sai an kai ƙarshen jerin ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da hikima. Git, wanda Torvalds ya ƙirƙira a 2005, yana iya raba tarihin gyare-gyare biyu, a gwada, a sake raba ɓangaren da ke da aibu, har a cafke facin da ya jawo ɓarna. Faci dubu ba ya bukatar fiye da gwaji goma. Amma in tsakiyar jeri a karye take, ko kuwa duk aikin dunƙule yake wuri ɗaya, wannan dabara ta tashi a banza.

An ga misalin haka a 2020, lokacin da kamfanin Paragon ya kawo aikin da zai sa Linux ta riƙa karanta ma'ajiyar bayanai irin ta Windows da yin rubutu a cikinta. Kyauta ce mai daraja, amma layi wajen 27,000 ne a faci ɗaya tal. Masu dubawa suka ce ba mahalukin da zai iya bin wannan. Wani zai ce butulci ne a mai da kyauta don girmanta, amma gaskiyarsu ne, tun da su za a tambaya ranar da bayanan wani suka salwanta. Kamfanin ya koma ya yayyanka aikin, ya sake kawowa fiye da sau ashirin, kafin a karɓa a cikin Linux 5.15 a 2021.

Yankawar ma ba ta kashe bakin zaren duka ba. A farkon 2022 Ingo Molnar ya fito da jeri mai faci kusan 2,300, kowanne a tsare. Masu rubutu suna da yawa, masu dubawa kaɗan ne, ga shi yabo ya fi zuwa ga wanda ya rubuta. Shi kuwa mai dubawa, in ya gama da zubi na bakwai na wani jeri, ya nuna gyara uku, sai ya jira na takwas, ya sake ɗaukowa daga faci na farko don ya tabbata ba a taɓa wani wurin da ya riga ya wanke ba.